Tambaya da Amsa: Kwatanta Taki Biyu da Manhajar R

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin aikin gona a Zariya. Na auna nauyin masarar fuloti 40, rabi an zuba musu takin zamani, rabi na gargajiya. Wane umarni zan ba manhajar ƙididdiga ta R domin in san ko bambancin na gaske ne?

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawar gwaji kafin ki duba bayananki da idonki. Ki fara da boxplot(nauyi ~ taki, data = gona), wanda zai zana miki akwati biyu gefe da gefe (gona sunan teburin bayananki ne, nauyi da taki kuma ginshiƙansa). Idan kika ga wani ɗigo ya ware can sama shi kaɗai, ki koma littafin awonki, domin sau da yawa kuskuren rubutu ne, kamar 85 a maimakon 8.5, kuma irin wannan lamba ɗaya tana iya karkatar da sakamakon baki ɗaya.

Daga nan ki rubuta t.test(nauyi ~ taki, data = gona). R tana amfani da tsarin Welch kai tsaye, wanda ba ya buƙatar bazuwar lambobin rukunan biyu ta zama iri ɗaya. Idan ƙimar p da gwajin ya fitar (wato yiwuwar ganin bambanci mai wannan girma ko fiye alhali tasirin takin biyu ɗaya ne) ta gaza 0.05, ana ɗaukar bambancin a matsayin mai ma'ana, amma ki bayyana yawan kilon da ya raba su, domin shi manomi yake son ji. In zanen ya karkace ƙwarai, ki gwada wilcox.test, gwajin da ke kwatanta rukunan ta hanyar jera lambobin bisa girmansu.