Shin ya halatta in bi abokaina zuwa wurin bautar Tirumala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Chennai, ƙasar Indiya. Abokan karatuna mabiya addinin Hindu sun gayyace ni mu hau Tirumala lokacin hutu. Mutanen kirki ne, ba na so in ɓata musu rai. Mene ne hukuncin zuwana, da cin alawar da ake rabawa a can?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya yi wa karatu albarka.

Sai an san abu ake yi masa hukunci. Tirumala tana kan tsaunuka bakwai kusa da garin Tirupati a jihar Andhra Pradesh, kuma gunkin da ke ciki shi ne Venkateswara, wanda suke ɗauka a matsayin bayyanar abin bautarsu Vishnu. Wurin ya haura shekara dubu ana bauta a cikinsa. Sarki Krishnadevaraya na daular Vijayanagara, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, ya sha zuwa da kyautar zinariya. Yau dubun-dubatar mutane ke zuwa kullum, wasu da ƙafa suke hawa matakala fiye da 3,500. A aƙidarsu Venkateswara ya ci bashi wurin Kubera, abin bautarsu na dukiya, don ya yi aure, shi ya sa suke zuba kuɗi da gwal a asusun wurin don taya shi biya. Maza da mata, har jarirai, sukan aske kai ƙwal don cika bakance.

Ga inda gizo yake saƙa. Hukumar da ke kula da wurin tana da ƙa'idar cewa wanda ba Hindu ba, kafin ya shiga ganin gunkin, sai ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yi imani da Venkateswara. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar. Musulmi ba ya furta imani da wanin Allah, da baki ko da alƙalami, ko da a zuciyarsa bai nufi haka ba. Rangwamen da ke cikin Suratun Nahli, aya ta 106, na wanda aka tilasta ne, kai kuwa kunyar abokai ce kawai take damunka, kuma kunya ba tilas ba ce. Idan ka ɓoye addininka ka bi layi, ka haɗa da yaudarar masu wurin.

Ko babu takardar ma, malamai sun yi saɓani a kan shiga wuraren bautar wasu addinai, amma Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci saboda siffofin da ke ciki. To ina ga ɗakin da aka gina domin gunki, layin shigarsa ma ibada ce? Askin kuwa kada ka kusance shi. Aski na ibada mun san shi ne a Hajji da Umara, don Allah Shi kaɗai.

Alawar nan da suke kira laddu ana fara miƙa ta ga gunkin ne kafin a raba, suna cinta don neman albarkarsa. Abin da na rinjayar shi ne ka bar ta. Amma shinkafa da ganyen da suka dafa a gida suka ba ka, ci abinka, kai ma ka kira su cin tuwo. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Idan rakiya ce zuwa garin Tirupati, ka ga tsaunuka, ka jira su a masauki har su sauko, ban ga laifi ba, muddin sallarka ba za ta kuɓuce ba. Kuma ina roƙonka kada ka zagi abin bautarsu ko ka yi masa dariya, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. Ka ce musu a hankali: «Addinina bai ba ni damar sa hannu a wannan takarda ba, kuma ba na so in yi wa wurinku ƙarya.»

Allah ne Mafi sani.