Hukuncin Tallata Haja da Katin da Ake Aikawa ta Gidan Waya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kano, kuma kuɗin talla a rediyo ya fi ƙarfina. Ina son in buga ƙananan katuna masu ɗauke da hoton kaya da farashi, in aika wa abokan cinikina ta gidan waya gabanin Sallah, ba tare da ambulan ba. Zan rubuta Bismillah da wata aya a saman katin don neman albarka, kuma wanda ya zo da shi zan rage masa kashi 10 cikin 100. Mene ne hukuncin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tallata haja halal da kati halal ne, domin asali a cikin mu'amala shi ne halacci har sai dalili ya hana, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. Abin da ke wuyanka shi ne hoton da farashin su zama daidai da abin da mai saye zai tarar a shago. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka buga hoton atamfa mai tsada alhali mai araha ce a shagon ya shiga wannan gargaɗi, haka ma nuna mace da tsiraici don jan ido haramun ne.

Inda nake son ka tsaya ka yi tunani shi ne batun Bismillah da aya. Gaskiya ne Annabi (SAW) ya buɗe wasiƙarsa zuwa ga Hiraƙla, sarkin Rum, da Bismillah, har ya sa aya ta 64 ta Ali Imrana a cikinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, kuma da wannan malamai suka halatta rubuta aya a wasiƙa. Sai dai waccan wasiƙa ce ta kira zuwa ga addini, an aika ta ga mutum ɗaya da hatimi, kuma irinta adana ta ake yi. Katin talla kuwa an buga shi ne da sanin cewa mafi yawansa za a duba sau ɗaya a jefar, kuma duk wanda ya taɓa bin kasuwa bayan an raba takardun talla ya ga yadda suke ƙarewa a ƙarƙashin takalma da cikin kwata, wasu ma mai ƙosai ta ƙunshe ƙosai da su. Wanda ya rinjayar da zaton haka zai faru, sannan ya buga ayar da hannunsa, shi ne sanadin wulaƙanta ta, don haka abin da nake gani shi ne bai halatta ba. Ka yi Bismillah da bakinka lokacin aikawa, ya wadatar.

Ragin kashi 10 ba shi da laifi muddin kyauta ka ba da katin, domin rangwame ne daga haƙƙinka. Da a ce sayar da katin kake yi, da garari (wato rashin tabbas a cikin ciniki) ya shigo, tunda mai saye bai san ko zai ci moriyar kuɗinsa ba, kuma a kan wannan bambanci Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da ke Makka ta yanke hukunci a shekarar 2006. Amma kada ka ɗaga farashi a ɓoye sannan ka kira komawarsa daidai rangwame.

Tunda katin a buɗe yake tafiya, ma'aikacin gidan waya da duk wanda ya ɗauko shi daga akwati zai iya karantawa, don haka kada ka rubuta bashin da kake bin mutum ko abin da matarsa ta saya. Adireshin da abokin ciniki ya ba ka amana ne, ba ka da ikon sayar da shi ga wani ɗan kasuwa, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tafi a kan haka. Wanda ya ce ka daina aika masa, ka daina.

Allah ne mafi sani.