Lagwani ne ya ƙone, wanki ba zai dawo da shi ba

Ɗan'uwa, ka ce kwana tara kacal da sayen sigarin lantarkinka ya fara yi maka ƙauri a maƙogwaro, ka kwance shi ka wanke komai da sabulu har da koyil ɗin, wato ɓangaren da ke zafafa ruwan sigarin ya zama tururi, amma abin sai gaba ya yi. Shekarata huɗu ke nan da shi tun da na ajiye taba, kuma a watannin farko na ƙona koyil har na daina ƙirgawa. Bari in ba ka abin da na koya da kuɗin aljihuna.

Wancan koyil ɗin dai ka jefar da shi, ya gama yawo.

In ka taɓa girki da risho ka riga ka san matsalar. Muddin akwai kananzir, lagwani yana jiƙe, wuta na ci lafiya. Kananzir na ƙarewa sai wutar ta koma kan lagwanin, gida ya game da ƙauri. Cikin koyil ɗinka ma haka abin yake: 'yar waya ce ko raga ta ƙarfe da batir ke zafafawa, an kewaye ta da auduga. Audugar ce ke tsotso ruwan sigarin daga tanki ta kai wa wayar. Ka danna wuta auduga a bushe, ko na daƙiƙa biyu ne, ta babbake. Kuma audugar da ta ƙone ko a kogi ka wanke ta ƙaurin yana nan. Sabulun da ka sa ma ƙara ɓata ta ya yi, don auduga ba ta sakin sabulu.

Saboda haka aikin duk yana wajen hana ta bushewa, kuma ranar farko aka fi yin ɓarna. Ni na farkon da na saya, a bakin shagon na zuba ruwa na danna, don ɗoki. Zuƙa ɗaya na yi na ji kamar na haɗiyi hayaƙin tsumma. Yanzu in zan sa sabo, sai na ɗiga ruwan a kan kowace 'yar taga da farar audugar ke leƙowa, in ƙara ɗigo biyu ta sama, in mayar, in cika tanki, sannan in ajiye shi a tsaye minti goma. Bayan nan in ja iska sau uku ko huɗu ba tare da na danna wuta ba. In naka irin mai kunna kansa ne da an zuƙa, bar wannan, ka ƙara masa lokacin jira kawai.

Sai ƙarfin wuta. Ɗauko koyil ɗin ka duba jikinsa da kyau, akwai rubutu ƙanana. Nawa an rubuta om 0.8, wat 13 zuwa 18, wat ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin wutar. Wannan iyaka ce, ba ado ba. Sabo a 12 nake fara shi, in ɗaga a hankali, in tsaya a 15. Masu neman hayaƙi ya turnuƙe ɗaki su ne ke kai shi ƙarshe, sannan su dawo suna zagin mai shago. Kuma ka riƙa sararawa tsakanin zuƙa da zuƙa, ko da daƙiƙa ashirin. Mu da muka baro taba mun saba ja a jere, auduga kuwa ba ta da wannan saurin. Haka in ruwa ya sauka ƙasa da tagogin nan, ƙara, kada ka ce sai ka ga ƙwal.

Inda na fi daɗewa ban gane ba shi ne ruwan kansa. A jikin kwalba za ka ga PG da VG, sinadarai biyu da ake haɗa ruwan da su. PG tsinkakke ne, VG kuwa kauri gare shi kamar zuma. Mai VG kashi 70 cikin ɗari na manyan na'urori ne masu faffaɗan tagogi. Ka zuba shi a ƙaramar na'ura, ba zai ratsa audugar da wuri ba, sai ka ji ƙauri tanki cike taf. Ƙanana 50/50 suke so. Da hunturu abin ya fi muni, don sanyin asuba na ƙara daskarar da shi. Ni a aljihun riga nake sa shi ya ɗan ji ɗumin jiki kafin in taɓa. Da bazara kuma kada ka bar shi cikin mota a rana, tsinkewa zai yi ya yoye maka.

Ga kuma zaƙi. Ruwan nan masu ɗanɗanon mangwaro da kankana da alewa, yawanci an ɗura musu abin zaƙi, shi kuwa ba ya tashi duka ya bi tururi. Zama yake a kan waya yana dahuwa har ya zama baƙin ƙanzo, irin na gindin tukunya. Na taɓa fasa tsohon koyil da filaya don in gani: audugar da ta shiga fara fat ta koma kalar gawayi, wayar ta yi dumu-dumu da wani abu mai danƙo. Da mai zaƙi sosai kwana huɗu ko biyar koyil yake yi mini, da na na'a-na'a marar zaƙi yakan kai mako biyu. Ka zaɓa da kanka.

Wankin da ke da amfani na tanki ne. Duk sanda zan canza koyil ko ɗanɗano, nakan kwance gilashi da murfi da abin baki, in cire koyil in ajiye gefe, in zuba sauran a kofin ruwan ɗumi, in goge da tsohon buroshin haƙori. A kofi na ce, ba a bakin famfo ba, don 'yan zobban robar nan masu hana yoyo in ɗaya ya bi rariya ka shiga uku. In shanya su a kan tishu su bushe ƙarau kafin in haɗa. Abin bakin nan kullum nake goge shi, ƙurar aljihu da ta hunturu can take taruwa. Wajen da tanki ke haɗuwa da batir kuwa, auduga mai tsinke da ɗan sifirit ta wadatar. Ɓangaren batir kada ruwa ya kusance shi.

Wasu za su ce ka jiƙa koyil a ruwan ɗumi ya kwana. In ƙanzo ne kawai bai ƙone ba, yakan ƙara maka kwana biyu bayan ya bushe sarai, da ɗanɗano salam. Na gwada, wahalar ta fi ribar. Masu irin wanda ake naɗa waya da hannu su ne ke morewa: su zare tsohuwar auduga, su danna wuta kaɗan-kaɗan har ƙanzon ya ƙone, su goge, su zura sabuwa. Ko su ma ba a yin haka da wayar nikel ko taitaniyom.

Abu biyu kuma da ba na wasa da su. In ka ji ƙauri ka tsaya, kada ka daure don tausayin kuɗin koyil. Ruwan in ya yi zafi fiye da kima yana fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid da akrolin, huhunka ne ke karɓa. Sannan kada wani ya ba ka shawarar tsinka ruwan da mai ko turare. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka mutum wajen 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka rasu, kuma binciken hukumar lafiyarsu ya danganta yawancin abin da wani maiƙon bitamin E da ake haɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Kwalbar kuma ka ɓoye ta daga yara, nikotin guba ce a gare su. Wanda bai taɓa shan taba ba kuwa, ni ban ga abin da zai kai shi ga wannan ba. Ni kaina ragewa nake yi.

Sayo sabon koyil, ka duba kwalin ko akwai lambar da ake kankarewa don tantance na asali, jabu sun yi yawa. In ka bi duk wannan ya sake ƙauri kafin mako, turo mini abin da aka rubuta a jikin koyil ɗin da na jikin kwalbar, da wat nawa kake sa shi.