Zarrar Siziyom Mai Bambanta Dama da Hagu

Tambaya: Malam, ana iya gwada ka'idojin fiziks ba tare da ƙaton inji irin na cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗalibi. Ƙarfin nukiliya mai rauni, wani ƙarfi da ke aiki a cikin zarra, yana bambanta dama da hagu, lantarki kuwa ba ya yi. A 1997, a Boulder ta Amurka, ƙungiyar Carl Wieman ta haska laser mai tsawon zango nanomita 540 kan zarrar siziyom (wani nau'in ƙarfe), ta auna tsallen ilektron daga matakin kuzari na 6S zuwa na 7S, tana jujjuya alƙiblar filin lantarki da na maganaɗisu don ganin ko tsallen zai canja idan aka musanya dama da hagu. Kuskuren awon kashi 0.35 ne cikin ɗari.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. Siziyom na da ilektron 55, kuma ɗan kuskure wajen lissafa tasirinsu kan yi kama da sabon abu. Haka ta faru a 1999: sakamakon ya saɓa wa hasashen ka'ida, sai da aka gyara lissafin saɓanin ya kau.