Amsa kan yadda ake gane jar giyar inabi ta daɗe da kyau ko ta wuce

Barkanku da yamma 'yan uwa. Ɗan'uwa da ya ce an kawo musu tsofaffin kwalaben jar giyar Bodo (yankin Bordeaux na Faransa) a ɗakin cin abincin da yake aiki, yana tambaya yaya zai gane wadda ta yi da wadda ta lalace, to ga amsa.

Ba kowace ja ce ke son daɗewa ba. Beaujolais Nouveau, jar giyar Faransa da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, don a sha ta da wuri aka yi ta. Masu jure shekaru su ne masu bauri da tsami sosai, irin inabin Cabernet Sauvignon na Bodo, ko Nebbiolo na Barolo a Italiya, giyar Barolo doka ma ta hana a sayar da ita sai ta yi wata 38.

Kafin ka buɗe, ka tsayar da kwalbar yini ɗaya ko biyu, gwiɓar ta kwanta a gindi. Ka dubi wuyanta. In ruwan ya sauka can ƙasan kafaɗa, ko toshiyar ta ɗago tana danƙo, to zafi ya taɓa ta, iska ta shiga.

Zuba kamar mililita 50 a kofin gilashi, ka karkata shi kan farar takarda, ka dubi bakin ruwan, wato gefe-gefe. Sabuwa tana da sirkin shunayya. Mai shekaru za ka ga gefen ya koma jan bulo, yana neman ruwan goro. In duka ta zama ruwan ƙasa, ta wuce.

Sai hanci. Ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace yana ja da baya, na zabibi, jemammiyar fata, ganyen taba da ƙasa bayan yayyafi ya fito. Wannan shi ake nema. Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa daga toshiya ne, kuma ba ya gyaruwa, kada ka kai wa baƙo.

A baki, ka kurɓa kaɗan, ka juya, ka tofar, haka masu ɗanɗano ke yi. Baurin nan mai kama dasashi kamar na goro, shi ne tannin, daga ɓawon inabi da ƙwayarsa da gangar katako yake zuwa. Da shekaru yana laushi, wani sashensa ya zama gwiɓar nan. Abin lura shi ne, ya yi laushi alhali ɗanɗanon inabin na nan? To ta kai. In baurin na kame baki har yanzu, a ƙara mata lokaci. In tsami kaɗai ya rage, an makara.

Wajen juyewa a wani tulun gilashi, sa kyandir ƙarƙashin wuyan kwalbar, da ka ga gwiɓa ta taho ka tsaya. Tsohuwa kada ta daɗe a buɗe, iska na cinye ƙamshinta da sauri. Sauran kwalaben ku kwantar da su a duhu, sanyi wajen digiri 12 zuwa 14, don toshiyar kada ta bushe.