Ina Ake Samun Ɗalibai a Cikin Takardun Jami'a?

Tambayarka ita ce: "Malam, an ce in haɗa bayani kan rayuwar ɗalibai a shekarun 1970 saboda bikin tsofaffin ɗalibai. Na karanta bayanan taron majalisar jami'a na shekara goma, ban ga ɗalibi ko ɗaya yana magana ba. Ga kuma kwalaye shida da aka kwaso daga ofishin ƙungiyar ɗalibai, komai a hargitse. In fara jera su bisa shekara?"

A'a, ɗana, kada ka jera komai tukuna. Amma bari in fara da bayanan taron. Ba laifinka ba ne da ba ka ga ɗalibai a ciki ba. Magatakarda ne ya rubuta su domin hukuma, kuma ɗalibi ba ya shiga irin wannan takarda sai in ya ci jarrabawa, ko ya faɗi, ko ya ta da rigima. Amfaninsu gare ka shi ne kwanan wata: ranar da aka buɗe tsangaya, ranar da aka ƙara kuɗin makaranta, ranar da aka rufe jami'a. Ka fitar da waɗannan a takarda guda, su ne turakun da za ka ɗaure sauran bayani a kai. Rajistar shiga ma haka take. Jami'ar Kambirij ta Ingila tana da irinta tun 1544, amma abin da rajista za ta ba ka bai wuce suna da ranar shiga da ɗan bayanin asali ba.

Ɗaliban suna cikin takardun da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci lokacin da aka rubuta su: littafin ƙorafi na ɗakin kwana, mujallar ɗalibai da aka buga da injin gurza, takardun kamfen na zaɓen ƙungiya, rasitan ɗakin cin abinci, littafin rahoton masu gadi, wasiƙun neman izinin taro. Rasit ɗin gyaran famfo da ya maimaitu sau takwas a zango ɗaya ya fi jawabin shugaban jami'a gaya maka yadda zaman ɗakin kwana yake. Wato kwalayen nan shida su ne dukiyar, shi ya sa nake hana ka gaggawa.

Ƙa'idar sana'armu ta adana takardun tarihi, wadda aka rubuta a Faransa tun 1841, ita ce takardun ofishi ɗaya ba a gauraya su da na wani. Daga baya aka ƙara da cewa a bar su yadda mai su ya jera. Abin da kake gani hargitsi ne wataƙila tsarin sakataren ƙungiya ne. In ka ga wasiƙar kora, da hoto, da yankin jarida a fayil ɗaya, zamansu tare shi ne shaidar cewa magana ɗaya ce. Ka raba su bisa shekara, ka kashe shaidar, kuma ba mai iya dawo da ita. Saboda haka ka ba kowane kwali lamba, ka rubuta daga inda ya fito, wa ya kawo, da ranar da ya iso. Sannan ka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ka lissafa fayil-fayil yadda ka same su: lamba, abin da aka rubuta a bango, shekarar farko da ta ƙarshe, yawan shafi. Jerin shekarun da kake so, ka yi shi a kwamfuta, takardun kuma su zauna inda suke.

Kafin ma wannan, kada kwalayen su shiga ɗakin ajiya. Ka ware su a wani ɗaki kamar mako biyu, ka duba gara da kyankyaso da fumfuna. Gari mai laushi a gindin kwali alamar ƙwaro ne. In ka same shi, ka sa takardun a leda, ka fitar da iska, ka rufe ruf, su yi mako guda a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kuma kada ka buɗe ledar sai ta yi kwana ɗaya a waje, don raɓar ta taru a kan leda ba a kan takarda ba. Fumfuna kuwa tana tsirowa idan laimar ɗaki ta haura kashi 65 cikin ɗari. Abin da ake nema shi ne kashi 35 zuwa 50, da zafin digiri 16 zuwa 20. In ba a samu haka ba, ɗaki mai yanayi ɗaya ya fi wanda ake kunna na'urar sanyi da rana a kashe da dare, domin hawa da saukar nan ne ke sa takarda ta kumbura ta motse har ta karye.

Wanke hannu ka busar. Safar hannu ta hotuna ce kawai, a kan takarda tana sa yatsu su yi nauyi har ka yaga gefe. Fensir za ka riƙe, biro ya zauna a waje. Ka cire fil da kilif masu tsatsa da robar ɗauri, ka naɗe abin da suka haɗa a cikin farar takarda marar asid. Salatif kada ya kusanci teburin, gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Takardar jarida ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma asid ɗinta yana cin maƙwabciyarta, don haka ka sa wata takarda a tsakani, ka fara ɗaukar hotonta kafin komai.

Hotuna su ne za su fi ba ka wahala, domin yawancinsu ba suna ba shekara. Duba bayan hoton ko akwai hatimin mai ɗauka. Duba ginin da ke bayan mutanen, ka gwada da fayil ɗin sashen ayyuka: in an gama ginin a 1974, hoton bai riga 1974 ba. Lambar mota da kalandar bango ma suna taimako. Abin da ka tabbatar ka rubuta shi kai tsaye, abin da ka yi hasashe ka sa "wajen" a gabansa. Nagatif ɗin da ke warin tsami ya fara ruɓewa, ka ware shi daga sauran. In ka ga NITRATE a gefen fim, irin wanda aka daina yi a farkon shekarun 1950, kada ka ajiye shi da takardu, yana kama wuta. Wajen sikanin, ɗigo 300 a inci ya isa takarda, hoto 600, a ajiye a tsarin TIFF (wani tsarin ajiye hoto a kwamfuta), kwafi uku, ɗaya a wani gini daban.

Za ka ci karo da fayil ɗin ladabtarwa da na asibiti, kuma su ne suka fi daɗin karatu. Ba na baje koli ba ne. Jami'o'i da yawa kan rufe fayil ɗin ɗalibi shekara 75 zuwa 100, mutanen 1970 kuwa da yawansu suna raye, da 'ya'ya da jikoki. Kana iya cewa an hukunta ɗalibai kaza a shekara kaza, suna dai ba ya fita sai da izinin magatakarda.

Ranar bikin ka kai kwafin hotunan da ba su da suna, kowanne da lambarsa, da rikoda, da takardar izini da mai magana zai sa wa hannu. Sunan da mutum biyu suka faɗa ba tare da sun ji juna ba, shi za ka shigar a kundi, tare da sunayen waɗanda suka faɗa da ranar.