Bireka na yawan faɗuwa: in sauya ta da babba da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Kuɗin kiran masu gyara ya ishe ni, shi ya sa na fara yin ƙananan gyare-gyaren gidana da hannuna. Na gyara famfo mai ɗiga, na sauya makullin ƙofa. Yanzu bireka ce, wato 'yar na'urar nan ta akwatin wuta mai katse wuta da kanta, ta hana ni sakat. Da zarar an jona dutsen guga da butar dafa ruwa, ga kuma risho na lantarki a kicin, sai wutar ɓangaren ta ɗauke. An rubuta 16 a jikinta. Wani mai gyaran wuta ya ce ta yi ƙarama, in sayo mai 32 in ɗaura da kaina, ko in haɗa wayoyin kai tsaye. Abin da ke ba ni tsoro shi ne soket ɗaya ya fara yin baƙi, kuma wani lokaci ina jin ƙaurin roba. Ina da yara ƙanana. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin ka gama karanta wannan amsa, je ka zare duk abin da ke jone a wannan soket, ka kashe birekar layin, ka bar ta a kashe. Tsoron da kake ji yana kan hanya.

Ban ga laifinka ba a kan son rage kashe kuɗi, ni ma ina jin takaici in na ga an kira mutum don aikin minti goma. Famfo mai ɗiga yawanci 'yar robar ciki ce ta cinye, a rufe ruwa a kwance kan a sauya ta. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, ka ga ka ci riba sau biyu. Kwamin wanke-wanke in ya toshe, kwance lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashinsa ka wanke, kada dai ka gauraya bilic da maganin buɗe bututu, iskar da suke fitarwa tana ƙona huhu. Fenti, toshe tsagar bango, ɗaure hinjin ƙofa, sauya ƙwan fitila, wanke matacin na'urar sanyaya ɗaki, duk naka ne. In ka yi kuskure a waɗannan, ƙasa ce za ta jiƙe ko ƙofa ta karkace, gobe ka sake.

Shawarar wancan mai gyara kuwa, ita ce abin da nake yaƙi da shi kusan kullum a wannan sana'a. Mutane sun ɗauka bireka ko fiyus wani ɗan fitina ne da ke hana su shan wuta, in ya faɗi to shi ne ya lalace. Birekarka lafiyarta ƙalau, ita kaɗai ce ma ta yi aikinta a wannan labari naka.

Mu yi lissafi. Lambar 16 da ke jikin birekarka ampiya ce, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. A inda ake amfani da bolt 230, layi mai ampiya 16 yana ɗaukar wat 3,680, wato 230 sau 16. Juya dutsen gugarka ka duba rubutun jikinsa, da yawansu suna kai wat 2,000. Butar lantarki takan kai 2,200, risho kuma a ce 1,500. Jimla 5,700, wato kusan ampiya 25. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya durƙusa, sai aka ce maka laifin jakin ne.

Ba don ta kare dutsen guga aka sa bireka ba. Wayar da ke binne a bango da wadda ke saman silin take gadi, kuma da kaurin wannan waya ake zaɓen girmanta. Wayar soket ta yau da kullum, mai lambar kauri 2.5, tana ɗaukar tsakanin ampiya 18 zuwa 27 gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta: wadda ke cushe cikin bututu ba ta samun iska, don haka ƙarfinta ya fi raguwa. Robar da ke lulluɓe da ita an yi ta ne don ta jure zafin digiri 70 a ma'aunin Celsius. In ka ɗaura mai 32, wayar ba ta ƙara kauri ko na gashi ɗaya ba. Ka dai ba wuta izinin wucewa ninki biyu, zafin da waya ke yi kuwa ba ninki biyu zai zama ba, ninki huɗu ne, domin haka lissafinsa yake. Robar za ta yi laushi yau, ta bushe gobe, ta tsattsage jibi, a wurin da idonka ba ya kaiwa, kusa da busasshen katakon rufi. Wannan abu yana iya ɗaukar watanni. Shi ya sa ɗan dagajin da ya yi aikin ke bugun ƙirji yana cewa ai ga shi tun da ya gyara wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba. Gaskiya ya faɗa, ba za ta ɗauke ba, sai ranar da gidan ya kama da tsakar dare, a ce "wutar lantarki ce," a yi jaje a watse, shi kuma yana can wani gida yana sake irinta.

Haɗa waya kai tsaye ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Na sha buɗe akwatin wuta in tarar an cire fiyus an naɗa zaren jan ƙarfe, na taɓa cin karo da ƙusa, har da takardar gwangwani. A filogi mai ƙafa uku akwai ɗan fiyus wanda ba ya wuce ampiya 13, kusan wat 3,000 ke nan. In ya ƙone sai ka ga an naɗe shi da waya an mayar, alhali yana cikin abubuwa mafi araha a duk kayan wuta. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Sannan wallahi ba duk wayar da aka rubuta wa 2.5 ce ta cika 2.5 ba, akwai jabu wadda alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, wannan tun kafin a kai ga lissafin da na yi ta riga ta gaza.

Wasu kuma suna cewa ai tun da akwai bireka, wuta ba za ta ja mutum ba. Bireka mai 16 sai wuta ta haura ampiya 16 kafin ta motsa, zuciyar mutum kuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ampiya ɗaya ba yana iya birkita bugunta. Abin da ke kare rai wata na'ura ce daban, RCD, wadda ke yankewa in wuta ta zurare da miliampiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na ampiya ɗaya. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jiki. Gida mai yara bai kamata ya rasa ta ba.

Sai soket ɗin naka da ya yi baƙi. Wannan matsala ce ta daban, kuma ta fi gaggawa. Yawanci sukurun da ke riƙe waya ne ya saki, ko bakin da ke kama ƙafar filogi ya buɗe. Inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, yana tartsatsi a ɓoye, kuma bireka ba ta ganinsa tun da wutar da ke wucewa ba ta haura ƙa'ida ba. Soket ɗin ya tashi aiki, watakila har da ɗan tsayin wayar bayansa.

Sauya soket ba aiki ne mai wuya ba, amma ba zan ce ka yi wannan da kanka ba, saboda ƙaurin da kake ji. Ana buƙatar a gwada lafiyar robar wayar da na'ura, ba a gane ta da ido. Kuma kashe makunnin bango ba kashe wuta ba ne. Na sha samun gidan da aka ɗaura makunni a kan wayar da ba ta da wuta, fitila ta mutu amma mai wutar tana nan da ranta. In akwai janareta ko inbata ko sola, wuta na iya dawowa ta wata hanya bayan ka kashe babban layi. 'Yar tastar nan mai kama da sukudireba ma ba abin dogara da rai ba ce, takan ƙi haske alhali akwai wuta.

Abin da zai rage maka kuɗi yau, ba tare da ka riƙe filaya ba, shi ne raba kaya. Kada guga da buta da risho su haɗu lokaci guda a layi ɗaya, kuma kada a jona ko ɗayansu a doguwar wayar ƙari. Kashe sauran birekoki ɗaya bayan ɗaya ka gano wacce ke riƙe da wane ɗaki, ka rubuta ka manna a murfin akwatin. In kicin na buƙatar ƙarin ƙarfi, maganinsa a ja masa sabon layi nasa da waya mai kauri da birekar da ta dace da ita.

Wanda za ka kira kuma, yi masa jarrabawa kafin ya buɗe jakarsa. Ce masa kana so a ƙara girman bireka, ka yi shiru. In ya tambaye ka kaurin wayar, ko ya ce sai ya duba tukuna, ba shi aikin, ka tsaya kusa da shi ka kalli yadda yake gwadawa kafin ya taɓa. In ya ce "ba matsala, kawo kuɗin," ba shi na mota ya koma.